Wai da gaske ne nauyin kaya yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa? Don Allah masu ilimi ku zo

Ɗan_Dawanau
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Wata damuwa ce ta kawo ni. Watan jiya na tura kwantena ɗaya ta riɗi zuwa Turkiyya, buhu 380 kowanne kilo 50, tan 19 cif kenan, kuma a gabana aka auna a sito kafin a ɗinke. Kaya sun isa tashar Mersin, mai saye ya aiko cewa an samu gibin kilo 140 kuma zai cire a cikon kuɗina. Da na tsananta tambaya sai wakilin da ya haɗa mu yake ce min wai ba laifin kowa ba ne, wai ita ƙasa yadda take jan abu a Najeriya daban yadda take ja a can daban, shi ya sa kaya suke raguwa. Wallahi ban taɓa jin wannan ba tsawon shekarun da na yi a kasuwa. Gaskiya ne ko dai wayo ake son yi min?

AbuSafiyya
Wa alaikumus salam. Alhaji kilo kilo ne ko a ina, kar ka yarda. In haka ne ai da kowa ya kwashi kaya ya kai inda suka fi nauyi ya sayar

MalamFiziks
Alhaji Allah ya mayar da alheri. Maganar wakilin naka tana da tushe amma ya juya ta baibai. Bari in ɗan yi bayani. Gaskiya ne ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi ba ɗaya ba ne a ko'ina. A kan layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, adadinsa wajen 9.780 ne, a ƙuryar arewa ko ƙuryar kudu ta duniya kuma wajen 9.832, bambancin kusan kashi 0.5 cikin 100 kenan. Dalili biyu ne, na farko duniya tana juyawa, kuma wanda yake kan ikwaita shi ya fi zagaye da gudu, sai juyin ya ɗan rage masa nauyi kamar yadda dutse yake neman kufcewa in kana wulwula majajjawa. Na biyu duniyar ba dunƙulalliya ba ce sak, ta ɗan yi tumbi a tsakiya, wanda yake ikwaita ya fi wanda yake ƙurya nisa da cibiyar ƙasa da wajen kilomita 21.

To mu nan muna kusa da ikwaita, Kano tana wajen digiri 12 arewa da ita, Mersin kuma ta kusa 37. Ma'ana da za ka ɗauki sikelinka na Dawanau ka sa shi a cikin kwantenar tare da riɗin, a can ƙaruwa zai nuna ba raguwa ba. Na buga lissafin, tan 19 zai nuna ƙarin wajen kilo 35. Don haka in ma jan ƙasa ya shiga maganar nan to ɓangarenka yake, ba ɓangaren mai saye ba.

Ɗan_Dawanau
Ikon Allah! Malam kenan ni ya kamata in bi su ciko?

MalamFiziks
A'a Alhaji, ba ka binsu komai ta wannan fuskar. Ƙwayar riɗi ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Abin da ka sayar shi ne yawan riɗin, kuma shi kilo yake nufi a ka'ida, shi ba ya canjawa ko a duniyar wata ka kai shi. Abin da yake canjawa shi ne yadda kayan suke danna sikeli. Ta nan maganar AbuSafiyya daidai ce, kilo kilo ne. Sikelin ne ake iya ruɗawa.

Injiniya_Sikeli
Ni aikina kenan, gyara da saita sikeli, tun daga ɗan na tebur har babban da tirela take hawa. Abin da Malam ya faɗa haka yake amma bari in ƙara na wajen aiki. Sikelin lantarki bai san kilo ba, akwai wani ƙarfe a cikinsa da muke cewa lodsel, in an ɗora kaya sai ya ɗan lanƙwasa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, shi wannan lanƙwasawar ake mayarwa lamba. Mai sifirin irin na masu nama da na rataye shi ma haka. Shi ya sa duk inda aka girka sikeli dole a zo da ƙarafunan awo na hukuma a ɗora masa a wurin, a ce masa ga kilo 20, ga kilo 50, ya riƙe. Da zarar an yi haka a wurin da zai yi aiki maganar jan ƙasa ta mutu, domin ƙasar da ta ja ƙarfen awon ita za ta ja buhun. Sikelin Kano da aka saita a Kano da sikelin Mersin da aka saita a Mersin dole su ba da amsa ɗaya.

Matsalar tana zuwa ne in an saita shi a wata ƙasa aka kawo nan aka buɗe kwali aka fara aiki kawai, kuma wallahi yawancin sikelin da ke kasuwanninmu haka suke. Misali wanda aka saita a kudancin Jamus in ka kawo Kano zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da wajen kashi 0.27 cikin 100, a buhu mai kilo 50 giram 135 kenan. Na kudancin Chaina irin su Gwanzu bambancin kaɗan ne, bai kai giram 40 a buhu ba, saboda su ma ba su yi nisa da ikwaita sosai ba.

Ummu_Khalil
Injiniya giram 135 a buhu guda ai ko gwangwani bai cika ba, wannan har abin magana ne?

Injiniya_Sikeli
Hajiya a buhu ɗaya ba komai ba ne, amma ninka shi sau 380 ki gani, ya haura kilo 50, buhu guda kyauta a kowace kwantena. Kuma a doka ma ya wuce iyaka. Akwai ƙungiyar ka'idojin awo ta duniya OIML da ke Faris, tun 1955 aka kafa ta, ita ta raba sikeli aji-aji. Na kasuwa aji na uku ne. Sikeli mai ɗaukar kilo 60 da yake tafiya giram 20-20, in ka ɗora masa kilo 50 kuskuren da aka yarda masa ranar tantancewa giram 30 ne, in yana cikin aiki kuma ninkinsa, 60. Kin ga 135 ya fita. Shi ya sa a Turai in za a sayar da sikelin kasuwa ana saita shi ne da yankin da zai zauna, wasu kamfanonin ma akwai lambar yanki da ake shigarwa a cikin na'urar.

Amma ku lura da wa ya yi asara a nan. Sikelin yana nuna ƙasa da gaskiya, mai cika buhu zai yi ta ƙarawa har ya ga 50, kenan mai sayarwa ne yake ba da ƙari. In ko da shi kake saye daga manomi, to manomin ne ya ba ka ƙari bai sani ba.

Almajirin_Zaure
Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar min da hankali. Mu da muka taso da karatun Wailun lil muɗaffifina, da ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana da aka halaka kan tauye mudu, bai kamata a ce mutum yana saye da sikelin da bai taɓa kai shi an duba ba. Rashin sani uzuri ne kafin a sani, yanzu kuma an ji.

Sadiq_BUK
Malam tambaya, wannan shi ne ƙarfin maganaɗisun ƙasa da ake faɗa a rediyo?

MalamFiziks
Haka masu fassara suka saba faɗa amma ni ba na son kalmar don tana ruɗa ɗalibai. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, shi ne yake juya allurar kamfas. Wannan kuwa komai yake ja, auduga, ruwa, riɗi, mutum, ba ruwansa da ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba. Ni jan ƙasa nake ce wa 'yan ajina.

Kuma abin an daɗe da gano shi, ba da sikeli ba ma, da agogo. A 1672 wani masanin taurari Bafaranshe Jean Richer ya je Kayen a Kudancin Amurka, kusa da ikwaita, da agogonsa mai lilo wanda aka saita a Faris. Sai ya ga kullum agogon yana baya da wajen minti biyu da rabi, sai da ya rage tsawon lilon sannan ya daidaita. Daga baya Newton ya yi amfani da wannan a littafinsa na 1687 wajen nuna cewa duniya ta yi tumbi a tsakiya. A 1901 kuma aka zauna aka tsayar da 9.80665 a matsayin adadin da kowa zai riƙa lissafi da shi, wanda ya fi kusa da na ƙasashen da ke wajen digiri 45, ba namu ba.

Hajiya_Gwal
Kai jama'a yau na samu amsar abin da ya daɗe yana damuna. Ni gwal nake sarowa daga Dubai, akwai ɗan ƙaramin sikeli da na saya a can na aljihu, a shagon muka gwada shi da nasu ya yi daidai cif. Na auna sarƙoƙi da awarwaro giram 100 daidai, da na dawo gida na sake ɗorawa sai na ga 99.9 da ɗan wani abu. Na goge, na canja batir, na canja tebur, haka dai. Har na fara zargin yarinyar da ta taya ni shirya jaka, Allah ya sa ban furta ba, don da na ɗauki alhakinta.

MalamFiziks
Hajiya lissafin ya hau. Tsakanin Dubai da Kano bambancin wajen kashi 0.09 cikin 100 ne, giram 100 zai nuna wajen 99.91. A kilo guda kusan giram ɗaya kenan. Gwal ɗinki yana nan yadda yake.

Injiniya_Sikeli
Hajiya ki nemi ɗan ƙarfen gwaji na giram 100 mai kyau, ki ajiye shi a akwatinsa, kar a riƙa taɓa shi da hannu kai tsaye. Duk garin da kika sauka ki fara saita sikelin da shi, yawancinsu akwai maɓallin yin haka. Manyan na ɗakin bincike ma da nasu ƙarfen a ciki suke zuwa, su saita kansu da kansu. A harkarku ne abin ya fi ciwo ba a tamu ta hatsi ba, don giram ɗaya na gwal ya fi buhun riɗi kuɗi.

Baba_Kurmi
Yara ku bari tsoho ya sa baki. Mu da muka ga mizani mai faranti biyu a hannun iyayenmu ba mu san wannan rigimar ba. Ka sa kaya a nan ka sa dutsen awo a can, in sun yi daidai shikenan. Da shi aka yi cinikin zinare da miskali daga nan har Gwanja har Tarabulus, ba batir ba saiti. Injiniya shi ma ƙasa tana ruɗa shi?

Injiniya_Sikeli
Ranka ya daɗe Baba, ko kaɗan. Shi gwada abu da abu yake yi, in ƙasa ta rage ja ta rage wa faranti biyun tare. Irin tsohon sikelin nan na 'yan gyaɗa mai sanda da ake tura ƙarfe a kai shi ma haka yake, ba ruwansa. Nasa ciwon daban ne, dutsen awon ya cinye ko a fafe shi, ko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

AbuSafiyya
To ni dai har yanzu ina kan bakana, duk wannan ilimi ne mai kyau amma kilo 140 na Alhaji ba jan ƙasa ya cinye ba. A koma kan maganar

Mai_Fito_Apapa
Yawwa ɗan'uwa. Alhaji ni aikin fitar da kaya nake a Legas, bari in lissafo maka inda kaya suke zuwa. Na ɗaya danshi. In riɗinka ya shiga kwantena da danshi kashi 7 ya fita da 6.5 to ka yi asarar wajen kilo 100 a tan 19 ba wanda ya taɓa ko ƙwaya. Na biyu buhun kansa, kai ka auna 50 har da buhu, shi kuma ƙila kwangilar ta ce nauyin riɗi zalla, in buhu ɗaya giram 100 ne sau 380 kilo 38 ya tafi. Sai masu duba kaya da suke soka buhu suna ɗibar samfur, sai wanda ya zube wajen lodi. Sannan babban abin, ta yaya aka auna a can? In a sikelin mota ne to shi yawanci kilo 20-20 yake tafiya, a auna mota da kaya a auna ta ba kaya, kowanne da ɗan kuskurensa, kuma wasu ba sa auna kwantenar bayan an sauke, sai su cire nauyin da aka rubuta a ƙofarta kawai, alhali kwantenar da ta sha gyara da walda ba lallai ta yi daidai da abin da ke jikin ƙofa ba.

Tun 1 ga Yuli 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta a tantance nauyin kowace kwantena kafin ta hau jirgi, takardar da ake cewa VGM. Ka nemo taka ka ga me aka rubuta a Legas. In a Legas ta cika to matsalar tana gaba, in tun a Legas ta ragu to ka duba tsakanin Kano da Legas.

Zoɓo_Maigatari
Maganar danshi ban yarda da ita duka ba yallaɓai. Ya danganta da lokacin. Kayan da aka ɗauka a nan arewa da hunturu a bushe suke ƙamas, in suka yi sati biyu a Legas sha suke ba bushewa ba. Mu a zoɓo mun sha ganin haka, kaya su ƙaru a hanya. Sai dai in sabon riɗi ne farkon kaka wanda bai gama bushewa ba. Alhaji na yaushe ne?

Ɗan_Dawanau
Sabo ne gaskiya, farkon shigowarsa na saya na kai aka gyara. Ban auna danshi da na'ura ba, da hannu da haƙori muka duba kamar yadda aka saba

Zoɓo_Maigatari
To in haka ne na janye rabi, zai iya yiwuwa

Ba_Maraɗi
Sannunku 'yan'uwa, daga Maraɗi nake bi. Mu nan aya muke turawa har Sifen inda suke yin abin sha da ita, kuma irin wannan gardamar ba ta ƙarewa. Abin da na koya shi ne tun wajen rubuta yarjejeniya za ka tsaya a fayyace awon ina ne zai yi hukunci, na wurin lodi ko na wurin saukewa, kuma gibi nawa aka yafe. In ba a rubuta ba to mai riƙe da kuɗi shi ke da gaskiya kullum. Ina da tambaya ga Malam, tudu fa? An ce kan dutse ma abu yana rage nauyi

MalamFiziks
Haka ne, duk mita 1000 da ka hau ana rasa wajen kashi 0.03 cikin 100. Sikelin da aka saita a Legas in ka kai Jos, tan ɗaya zai nuna ragin wajen giram 300. Kaɗan ne, masu hatsi ba za su ji ba, masu gwal da masu haɗa magani ne suke kula. Har irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ma yana ɗan tasiri, da haka masu neman mai da ma'adinai suke gane abin da ke ƙasa. Akwai wani kamfanin sikeli na Jamus, Kern, da a 2012 suka riƙa aika wani ɗan mutum-mutumi mai wajen giram 308 tare da sikeli ɗaya zuwa ƙasashe ana aunawa, a ƙuryar kudu ta duniya ya fi nauyi, tsakaninsa da Mumbai ta Indiya wajen giram 2.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan koko ne, buhu kilo 64, daga ƙauye zuwa Tema zuwa Amsterdam. Manomi a nan ba jan ƙasa ne yake tsoro ba, hannun mai awo yake tsoro, shi ya sa aka yi ta kiran a koma sikelin lantarki da aka rufe da hatimi. Amma da na karanta bayanin Injiniya sai na ga na lantarkin ma in ba a saita shi a inda yake ba wata matsalar ce, mu da muka fi ku kusa da ikwaita ma

Sadiq_BUK
To manyan jiragen da suke kawo alkama tan dubbai fa, wane sikeli ne yake ɗaukarsu?

Mai_Fito_Apapa
Ba a ɗora su a sikeli. Akwai lambobi a jikin jirgin gaba da tsakiya da baya, ana karanta iya inda ya nutse kafin a sauke da bayan an sauke, a auna kaurin ruwan wurin, a cire mai da ruwan da ke tankunansa, sai a fitar da nauyin kaya. Shi ma kamar mizanin Baba ne, jirgi a faranti ɗaya ruwa a ɗaya, jan ƙasa ba ya shiga. Amma ana ɗaukar kuskurensa zai iya kai wa kashi 0.5 cikin 100, wato shi kaɗai ya kai duk bambancin da Malam ya ce akwai tsakanin ikwaita da ƙuryar duniya.

Ummu_Khalil
Ni dai mudu da kwano sun hutar da ni, ba ruwansu da ikwaita

Baba_Kurmi
'Yata mudu ma ai na Kano daban na Gusau daban, ga wanda aka bubbuge wa gindi, ga tozo ga shafe. Kowane awo da inda ake cin amanarsa

Ɗan_Dawanau
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na kira yaron da ya yi min takardu a Legas ya turo VGM ɗin, in aka cire nauyin kwantena abin da ya rage 18,960 ne, kenan tun a can kilo 40 babu. Na kuma duba yarjejeniyar, nauyin riɗi zalla aka rubuta kamar yadda Mai_Fito ya yi hasashe, amma ba a faɗi awon ina ne zai yi hukunci ba. Na tura wa mai sayen ya aiko min da tikitin awonsu da takardar shaidar ranar da aka saita sikelin. Shi kuma wakilin na tura masa bayanin Malam, ya karanta bai ce komai ba tukuna.

AbuSafiyya
Saura kilo 100 kenan ake nema

Mai_Fito_Apapa
Kar ka yi saurin cewa 40 ɗin nan ɓata suka yi, taki biyu ne kawai na sikelin mota, zai iya zama awon ne. Ka tambaye su ko sun auna kwantenar bayan sun sauke ko ta ƙofa suka cire

Injiniya_Sikeli
Alhaji sikelin sitonka fa, yaushe rabon da a ɗora masa ƙarfen awo? Sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki ta tarayya su ke da alhakin tantancewa su manna shaida, ka duba jikinsa ko akwai, da kwanan watan da ke kai

Ɗan_Dawanau
Tun da na saye shi shekara uku kenan ba a taɓa ba. Gobe in Allah ya kai mu zan duba jikin nasa in ɗauko hoto in saka a nan

Hajiya_Gwal
Injiniya don Allah shi ƙarfen gwajin na giram 100 a ina ake samun mai kyau, kuma ta yaya zan gane shi kansa ya cika?